Riƙo Kafin Bugu: Maƙala a Kan Kama Sandar Golf

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci hannu Ya tsaga shi yatsu biyar, Ya keɓe babba daga cikinsu Ya sa shi yana fuskantar sauran, domin bawa ya iya damƙa idan ya so, ya iya saki idan ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, wannan maƙala ce a kan yadda ake riƙe sandar golf, wasan da gidajen rediyo kan kira ƙwallon lambu. Na san ba za a rasa wanda zai ga take ya taɓe baki ba, ya ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa almajiri da wasan masu hannu da shuni? To, malamanmu sun riga sun share mana hanya: motsa jiki halal ne a asalinsa, muddin babu caca a ciki, babu bayyana tsiraici, kuma bai kai ga tozarta salla ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Uwar Muminai Nana A'isha. Sharaɗin salla kuwa ba abin wasa ba ne a nan, domin zagaye ramuka 18 yakan ci awa huɗu ko fiye, wanda duk ya fara bayan azahar sai ya san inda zai tsaya ya ba la'asar haƙƙinta. Wasan kuma ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Filin Rayfield da ke Jos yana nan tun zamanin Turawan haƙar kuza, akwai fili a Kano, akwai a Kaduna, ga kuma babban filin IBB a Abuja. Musulmi da yawa suna zuwa, daga dattijon da likita ya ce masa ya riƙa tattaki har zuwa matashi mai burin ya ci abinci da wasan. Addininmu kuwa ya kwaɗaitar da cewa wanda ya kama aiki ya kyautata shi.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah Ya datar da mu da kai, cewa farkon ambaton wannan wasa a rubuce hani ne. A shekarar 1457 majalisar ƙasar Sikotland, a zamanin Sarki James na Biyu, ta hana golf da ƙwallon ƙafa, saboda samari sun bar koyon harbin baka, ƙasar kuwa tana bukatar maharba don gabar da ke tsakaninta da Ingila. An sake nanata hanin a 1471 da 1491, bai ci ba, har ta kai a 1502 Sarki James na Huɗu da kansa ya sayi sanduna. Abin sha'awa shi ne, baka da sandar da suka yi kishi a wancan zamani, ƙofar shigarsu ɗaya ce. Imam Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan hijira, wato 1350, ya yi magana mai tsawo a kan harbi a littafinsa Al-Furusiyya, ya kawo cewa masanan harbi suna ƙidaya ginshiƙansa biyar, kuma riƙon baka shi ne na farkonsu, kafin ɗaura yatsu a tsirkiya, da ja, da saki, da duban abin bara. Bayan shekara ɗari shida, a 1957, Ben Hogan na Amurka ya fitar da littafinsa na darussa biyar a kan golf, shi ma da babin riƙo ya buɗe. Ɗaya bai san da ɗaya ba. Sana'ar ce ta kai su ga matsaya guda.

Me ya sa riƙo ya riga komai? Saboda jikinka duka, ƙafa da ƙugu da kafaɗa, ba ya taɓa ƙwallo. Sanda ce ke taɓa ta, sandar kuma ba ta haɗuwa da kai sai a hannu. Duk ƙarfin da ka tara, da duk nufin da ka ƙulla, ta wannan 'yar mahaɗa za su ratsa. Sa'annan lokaci ba ya ba da damar gyara. Daga sa'ar da sanda ta kai ƙololuwa a bayanka zuwa sa'ar da ta sauko kan ƙwallo, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na sakan ne. Kan doguwar sanda a hannun ƙwararru yana gudun da ya haura kilomita 180 a awa, haɗuwarsa da ƙwallo kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Kafin jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa labarin an buga, ƙwallo ta yi gaba. Inda fuskar sanda ke kallo a wannan ƙiftawar shi ne mafi rinjaye wajen zaɓar wa ƙwallo hanya. Ga lissafi mai sauƙi: ƙwallon da ta tashi a karkace da digiri 1 kacal, idan ta yi tafiyar mita 200 za ta faɗi kusan mita uku da rabi daga inda aka nufa. Digiri 3 ya haura mita 10, tun ba a lissafa lanƙwasar da juyin ƙwallo ke ƙarawa a iska ba. Ramin da ake nema kuwa faɗinsa milimita 108 ne.

Don haka ni a ganina, ba don kwatanta wasa da ibada ba, matsayin riƙo a golf ya fi kama da abin da malaman fiƙihu ke kira sharaɗi. Yana gabatar aiki, ana gama shi kafin a fara motsi, amma idan ya ɓaci abin da aka gina a kansa ya ɓaci. Ɓangare ne na wasan da mutum ke yi yana tsaye cikin natsuwa, babu gaggawa, babu bukatar ƙarfi ko ƙuruciya. Dattijo ɗan shekara saba'in zai iya riƙe sanda daidai yadda zakaran duniya ke riƙewa. Amma abin mamaki, shi ne kuma abin da masu koyo suka fi rainawa.

Dubi hannun nan naka kafin ka ɗora shi a kan komai. Ƙasusuwa 27 ne a cikinsa: takwas a wuyan hannu, biyar a tafi, goma sha huɗu a yatsu. Ba a banza Alƙur'ani ya ambaci kawunan yatsu a farkon Suratul Ƙiyama ba, a wurin kafa hujja kan ikon Allah na tayar da matattu. Daga cikin hikimar halittarsa, yawancin tsokokin da ke lanƙwasa yatsu ba a tafin hannu suke ba, suna can a zira'i, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, dogayen jijiyoyi ne ke ratsowa su ja yatsun. Gwada da kanka yanzu. Dunƙule hannunka iya ƙarfinka, sa'annan ka yi ƙoƙarin kaɗa wuyan hannun. Za ka ji ya sandare. Sassauta, za ka ji ya saki. Wanda ya gane wannan ya gane rabin babin, domin saurin sanda daga sakin wuyan hannu yake samuwa, wuyan hannu kuwa ba ya saki alhali yatsu sun ƙanƙame.

Bari mu zo ga aiki. Maganata a kan mai bugu ta dama ce, bahago sai ya juya komai.

Hannun hagu ake fara ɗorawa, kuma shi ke zama a sama, kusa da gindin mariƙi. Idan ka ce, yaya za a gabatar da hagu alhali sunna ta fifita dama? Sai mu ce, fifita dama yana cikin ci da sha da bayarwa da karɓa da sanya tufa da makamantansu na abubuwan girmamawa. Aikin da ke bukatar hannu biyu kuwa, kowane hannu da gurbinsa. Maharbi da hagu yake riƙe baka ya ja tsirkiya da dama, babu malamin da ya aibata shi.

Kada ka kama sanda tana kwance a ƙasa. Ɗaga ta a gabanka da hannun dama, ka riƙe ta a tsakiyar jikinta, kanta yana sama daidai idonka, ka tabbatar bakin fuskarta ya miƙe sama sak bai kwanta hagu ko dama ba. Sa'annan ka buɗe hannun hagu ka shimfiɗa mariƙin a kansa a gicciye: ya taso daga gindin ƙaramin yatsa, ya ratsa gindin yatsu biyu na tsakiya, ya fita ta gaɓar tsakiya ta manuniya. Yatsu su fara naɗewa, sa'annan tafin hannu ya rufo daga sama. Wannan tudun nama da ke ƙasan ƙaramin yatsa, kusa da wuyan hannu, shi ne zai hau kan mariƙin ya danne shi. Ka bar kamar faɗin yatsa ɗaya na gindin mariƙin ya leƙo a bayan hannunka. Babban yatsa ya kwanta a kan mariƙi, ya ɗan gota tsakiya zuwa dama, kada ka miƙar da shi ya yi tsawo. Akwai gwaji mai kyau a nan: buɗe yatsu uku na ƙarshe, ka bar sandar tana rataye tsakanin manuniya a ƙasa da tudun naman nan a sama. Idan ta tsaya ba ta faɗi ba, ta zauna inda ya dace. Idan ta sulluɓe, to a tsakiyar tafi ka sa ta, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa. Sandar da ke tsakiyar tafi tana kulle wuyan hannu, kuma tana wasa a cikin hannu lokacin bugu.

Yanzu sauke kan sandar ƙasa ka duba hannunka daga sama, ba tare da ka karkata kai ba. Ya kamata ka ga tushen yatsu biyu a bayan hannu, na manuniya da na yatsan tsakiya, ko biyu da ɗan gefen na uku. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya kuma ta rufe, tsininta ya nufi tsakanin haɓarka da kafaɗarka ta dama.

Hannun dama ya fi na hagu shiga cikin yatsu. Mariƙi yana kwanciya ne a kan yatsu biyu na tsakiya, su ne masu aikin. Sa'annan kwarin nan da ke tafin hannu, a gindin tudun babban yatsa, ya sauko ya lulluɓe babban yatsan hagu ɗungurungum, har ba a ganinsa. Manuniya ta ɗan ware daga 'yar'uwarta ta lanƙwashe a ƙarƙashin mariƙi, babban yatsa ya kwanta ya ɗan gota tsakiya zuwa hagu. Kada waɗannan biyu su matse sanda, domin su ne yatsun da suka saba mulki a duk ayyukanmu na yau da kullum, kuma da zarar sun karɓi ragama sai kafaɗar dama ta biyo su ta yi sama da sanda, bugu ya lalace. Tsagar hannun dama ta nufi inda ta hagu ta nufa. Idan ka buɗe hannuwan biyu a wannan hali, za ka ga tafukan suna fuskantar juna, tafin dama kuma yana kallon inda fuskar sanda ke kallo.

Saura yadda ake haɗa hannuwan su zama abu guda, kuma a nan ne mazhabobi suka rabu uku. Mafi shahara shi ne a ɗora ƙaramin yatsan dama a kan manuniyar hagu, ko a kwarin da ke tsakaninta da yatsan tsakiya. Ana jingina wannan riƙo ga Harry Vardon, wanda aka haifa a tsibirin Jersey a 1870, ya taso yana ɗaukar jakar 'yan wasa, ya yi aikin lambu, daga baya ya ci babbar gasar Birtaniya sau shida tsakanin 1896 da 1914, abin da babu wanda ya kamo har yau. Adalci dai shi ne a faɗa cewa ba shi ya ƙago shi ba. Johnny Laidlay, mutumin Sikotland, ya riga shi amfani da shi, sai dai suna ya bi wanda ya fi ɗaukaka, kamar yadda aka saba a duniya. Kafin su, mutane suna damƙar mariƙi mai kauri a tafin hannu, hannuwan kowane yana gashin kansa. Abin da wannan riƙo ya kawo shi ne ya cire yatsa ɗaya na hannun dama daga kan sanda, ya rage masa iko, ya matso da wuyan hannu biyu kusa da juna don su lanƙwasa tare.

Na biyu shi ne saƙa ƙaramin yatsan dama da manuniyar hagu, su sarƙe. Jack Nicklaus, mai manyan kofuna 18, haka yake riƙewa, kuma ya sha faɗar cewa ƙanƙantar hannunsa ce ta sa. Tiger Woods, mai 15, shi ma haka. Na uku shi ne a ɗora yatsu goma duka a kan mariƙi, hannuwa suna manne da juna ba tare da hawa ko sarƙewa ba. Wasu na yi masa kallon riƙon 'yan koyo, alhali Art Wall da Bob Rosburg kowannensu ya ci babban kofi da shi a shekarar 1959. Yana taimakon yara, da masu ƙarancin ƙarfin hannu, da dattawan da amosanin gaɓɓai ya dama.

Wanne ne daidai? Duka ukun. Littattafan harbi na Larabawa sun ambaci manyan malamai uku na wannan fanni, Abu Hashim da Ɗahir al-Balkhi da Is'haƙ ar-Raffa, kuma sun danganta saɓanin hanyoyinsu da bambancin ƙirar jikinsu, dogo da gajere da matsakaici. Haka abin yake a nan. Mai dogayen yatsu ya gwada na Vardon, mai gajeru ya gwada sarƙewa, wanda yatsunsa ke ciwo ya ɗora goma, kowa ya tsaya a kan wanda hannuwansa ba su rabuwa a cikinsa. Ina ganin mutane suna ɓata lokaci suna gardama a kan wannan ƙaramin yatsa, alhali mas'alar da ta fi shi nauyi tana gabansu ba su duba ba.

Wannan mas'ala ita ce juyawar hannu a kan mariƙi. Idan ka juya hannuwanka biyu zuwa dama, har kana ganin tushen yatsu uku ko huɗu na hagu, 'yan wasa na kiransa riƙo mai ƙarfi. Idan ka juya su hagu har ba ka ganin sai ɗaya, suna kiransa mai rauni. Sirrin shi ne, idan sanda ta ɗauki gudu, nauyinta yana jan hannuwa su koma yadda suke rataye a ɗabi'arsu. Wanda ya fara da hannu a juye dama, komawar za ta rufe fuskar sanda, ƙwallo ta lanƙwasa hagu. Wanda ya fara a juye hagu, fuskar za ta iso a buɗe, ƙwallo ta tashi sama ta sulale dama, ta rasa nisa. Wannan ta biyun ita ce cutar mafi yawan masu koyo. Sai ka ga mutum ƙwallonsa na tafiya dama, ya juya jikinsa yana bara hagu don ya rama, abin ya ƙara muni, ya sayi sabuwar sanda, ya zargi iska, ya zargi ciyawa, alhali maganin yana wuyan hannunsa.

Labarin Hogan yana da darasi a nan, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. An haife shi a Texas a 1912, shi ma da ɗaukar jaka ya fara. Ya shiga wasan sana'a yana saurayi, ya yi kusan shekara goma yana fama, kuɗi suna ƙare masa ya koma gida ya sake tarawa, kuma babbar damuwarsa ƙwallon da ke tashi ƙasa-ƙasa ta murɗe hagu ta shige daji. Bai ci babbar nasara shi kaɗai ba sai a 1940. Cikin abubuwan da ya yi don kashe wannan cuta, ya juya hannun hagunsa zuwa hagu, ya gajarta babban yatsansa a kan mariƙi, domin fuskar sanda ta daina saurin rufewa. Allah Ya sa abin ya karɓe shi. Ko bayan mummunan haɗarin mota da ya yi a watan Fabrairu na 1949, wanda aka zaci ba zai sake wasa ba, ya dawo ya ci babbar gasar Amurka a 1950, ya ci manyan kofuna uku a shekarar 1953 kaɗai. Da littafinsa ya fito, dubban mutane suka kwaikwayi hannunsa yatsa da yatsa. Malaman wasan da yawa sun yi nuni da cewa a nan aka samu matsala, domin mafi yawan masu karantawa ƙwallonsu dama take gudu, sai ga shi sun sha maganin mai gudu hagu. Ɗalibin ilimi ya san wannan babi sarai: mufti nagari yakan ba mutum biyu amsa biyu a kan tambaya ɗaya, saboda ya dubi halin kowannensu. Paul Azinger da David Duval sun ci manyan kofuna da hannu a juye dama sosai, akasin Hogan. Shawarata ga mai farawa ita ce ya tsaya a tsakiya, idan kuma zai karkata, ya ɗan karkata dama, ya bar tafiyar ƙwallonsa ta zama alƙali.

Sai batun matsi. Wanda ya zauna a makarantar allo ya san ranar da aka fara ba shi alƙalamin kara. Yaro yakan damƙe shi da dukkan ƙarfinsa, ya danna, bakin alƙalami ya tsage, tawada ta malale a kan allo. Idan ya yi sako-sako da yawa kuma, alƙalamin ya riƙa rawa, baƙi ya ƙi tsayuwa. Gwanin rubutu yatsunsa sun kama alƙalami kam, amma wuyan hannunsa a sake yake. Haka ake so a sandar golf. Matsin yana yatsu uku na ƙarshe na hagu da biyu na tsakiya na dama, gwargwadon abin da zai hana sanda juyawa ko kuɓucewa, zira'i da kafaɗa kuwa su zauna a sake. Kuma matsin da ka fara da shi, da shi za ka gama. Wurare biyu ne ake yawan saɓa wannan: lokacin da sanda za ta bar ƙwallo ta yi baya, inda wasu ke sake murza hannu ba su sani ba, da kuma can ƙololuwa, inda yatsun hagu ke buɗewa su sake kamawa, fuskar sanda ta canja a tsakani.

Mafi yawan ƙanƙamewa daga tsoro take. Ka lura da mai koyo idan akwai tafki a gabansa, ko mutane sun tsaya suna kallonsa. Za ka ga jijiyoyin zira'insa sun miƙe, farcensa ya yi fari, ya ɗauke numfashi. Yana son ya tilasta wa ƙwallo, sai ya kashe saurin da zai tsallakar da ita. Mumini ya fi kowa cancantar ya gane wannan, domin an koya masa ya kyautata sababi sa'annan ya bar sakamako ga Mai shi.

Safar hannu ba ta ƙarya. Ana sa ta ne a hannun hagu, kuma mafi kyawunta da fatar tumaki marasa ulu ake yi, dangin udarmu da balami, ƙasar Habasha tana cikin masu samar da ita. Ba dole ba ce, Fred Couples ya ci kofin Masters a 1992 da hannu tsirara. Amma idan kana sawa, juya ta ka duba. Idan ta huje a tudun tafi, sanda tana gogawa a wurin, wato ko ta shige tafi ko ka kama ta a can ƙarshen gindi. Idan babban yatsa ne ya cinye, kana danna shi fiye da kima. Shi kansa mariƙin yana da haƙƙi a kanka. Ƙurar hunturu da zufar bazara suna toshe robar ta yi santsi, zafin bayan mota kuma yana busar da ita ta ƙandare, hannu kuwa idan ya ji santsi sai ya ƙara matsewa ba da izininka ba. Wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ka goge da tawul, idan ya fara ƙyalli ka canja shi. Kaurinsa ma ya dace da hannunka: idan ka rufe hannun hagu, kan yatsun tsakiya su ɗan taɓa tudun babban yatsa, kada su nutse a ciki, kada kuma su kasa isa. Dokar wasa ta wajabta mariƙi ya zama kewayayye, ta hana wanda aka yi wa gurbin yatsu, sai dai a yi atisaye da shi a gida.

Sandar gangara ƙwallo cikin rami hukuncinta daban. A can ba a son wuyan hannu ya motsa, don haka akan sa ta a tafi, kuma kowa da salonsa. Abin da aka hana tun 1 ga Janairun 2016 shi ne kafe gindinta a ciki ko ƙirji.

Mai hankali zai iya kawo suka ya ce, ina za ka kai Sewsunker Sewgolum, wanda ake kira Papwa? Wannan ɗan asalin Indiya ne daga Durban a Afirka ta Kudu, talaka mai ɗaukar jaka, wanda ya koya wa kansa wasa yana riƙe sanda a birkice, hannun hagu a ƙasa, na dama a sama. Da wannan riƙo ya ci gasar ƙasar Holan a 1959 da 1960 da 1964, ya ci gasar Natal a 1963, ya sake cinta a 1965 a gaban ɗan wasa Gary Player. Duniya ta ga hotonsa yana karɓar kofi a waje cikin ruwan sama, saboda dokar wariyar launin fata ta hana shi shiga zauren da fararen da ya kayar suke zaune. Daga baya hukuma ta toshe masa hanyar gasa, ya rasu a 1978 ba shi da komai. Amsata ita ce, Allah Yana ba da baiwa ga wanda Ya so, kuma abin da ya fita daga ƙa'ida ana kiyaye shi, ba a yin ƙiyasi a kansa. Ko shi ɗin ma, hannuwansa suna komawa wuri guda a kowane bugu, kuma wannan shi ne maƙasudin babin gaba ɗaya. Ya kai ga manufa ta doguwar hanya domin bai sami mai nuna masa gajera ba.

Gyaran riƙo bayan an saba yana da ɗaci, gara in faɗa maka tun yanzu. Riƙo na daidai zai zo maka kamar kuskure, wasanka zai ja baya kafin ya yi gaba, kuma a ramin farko da ka ji tsoro hannunka zai gudu ya koma gidansa na da. Maganinsa maimaici ne ba tare da ƙwallo ba. Ajiye sanda ɗaya a ɗaki, ka kama, ka duba a madubi, ka saki, ka sake kamawa, 'yan mintoci kullum, har hannu ya haddace. Kuma ka nemi wanda ya sani ya duba maka, domin ido ba ya ganin hannun mai shi yadda na waje ke gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka nake roƙon manya masu zuwa filayenmu na Jos da Kano da Kaduna da Abuja. Vardon da Hogan da Papwa dukkansu da ɗaukar jaka suka fara. Yaron nan da ke bin bayanka da sanduna 14 a kafaɗa, idan kun tashi yakan ɗauki tsohuwar sanda ya koma gindin bishiya yana bugu shi kaɗai, kuma yadda ya fara kamawa haka zai girma da shi. Ranar da ka sallame shi, bayan ka biya shi haƙƙinsa cikakke, ka ba shi minti biyar, ka kama hannunsa na hagu ka ɗora masa a kan mariƙi yadda ya kamata.